Motar tsani da fiffiken jirgi: nazarin wani karo a farfajiyar filin jirgin Abuja

Na yi shekaru ina shugabantar ma'aikatan farfajiya a ɗaya daga cikin kamfanonin da ke yi wa jirage hidima a ƙasa a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja. Mu ne masu kawo tsani, masu sauke kaya, masu tura jirgi baya, masu sa wa taya weji. Fasinja ba ya ganinmu sai ta taga, cikin rigunanmu masu ɗaukar ido. Abin da zan bayyana ya faru ne a dutina, wani maraice na watan Janairu, kuma da hannuna a ciki. Ba zan kama sunan kamfani ko na mutum ba. Kamfaninmu ya rufe fayil ɗin da kalma biyu, "sakacin direba", ni kuma da aka yi abin a gabana na san kalmomin nan ba su faɗi ko rabin gaskiya ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, domin waɗanda ke tuƙi a gefen jirage yau.

Yadda ranar ta kasance

Tun asuba hazo ya sauko. Duk wanda ya yi aiki a filin jirgi a Arewa ya san abin da hunturu ke yi wa jadawali: jiragen safe ba sa tashi a kan lokaci, na rana su bi sahu, sai a wayi gari aikin yini guda ya taru ya cushe tsakanin la'asar da isha'i. Filin Abuja titin sauka da tashi ɗaya gare shi, shi ne wanda aka rufe na makonni shida daga 8 ga Maris 2017 don gyara, aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. To idan hazo ya ɗan yaye, jirage kan sauko a jere, wannan na bin wannan, kowanne yana neman tsani, yana neman motar kaya, yana so a sallame shi ya juya kafin dare ya yi nisa.

Motocin tsani huɗu muke da su a ɓangaren jiragen cikin gida. Ɗaya tana gareji tun kafin Kirsimeti tana jiran kayan gyara. Cikin ukun da suka rage akwai wadda tsaninta ke sauka a hankali ƙwarai, saboda mai yana yoyo a bututun da ke ɗaga shi. Ita ce ke hannun dattijon da duk muke kira Baba.

Baba ya girme ni nesa ba kusa ba. Yana tuƙi a farfajiyar nan tun ina makarantar sakandare, yana cikin waɗanda aka tura Kaduna lokacin gyaran titi, kuma shi muke haɗa sababbin direbobi da shi su koyi hanya. Daga Gwagwalada yake zuwa, yakan bar gida kafin kiran sallar farko, ya yi asuba a masallacin ma'aikata. Ranar ya kama aiki ƙarfe shida na safe, ya kamata ya tashi ƙarfe biyu. Wanda zai karɓe shi bai zo ba, ni na roƙe shi ya ƙara. Ya ce, "Ba komai Oga, ai aikin namu ne." Lokacin da abin ya faru ya haura awa goma sha biyu a bakin aiki.

Ga wanda bai san farfajiya ba: jirgi yana bin layin rawaya, motoci suna bin hanyarsu mai farin layi, kuma akwai wuraren da hanyoyin biyu ke gittawa. Doka ɗaya ce a duk duniya, jirgi ke da hanya. Idan ka ga jar fitilar nan tana walƙiya a sama da ƙasan jikin jirgi, injin yana aiki ko ana shirin tayar da shi, ka ja baya. Hasumiyar da ke kula da zirga-zirgar jirage tana magana da matuƙa, tana magana da motar da za ta shiga titin jirgi, amma ba ta bin kowace motar tsani da taraktar kaya da ke yawo tsakanin wuraren ajiye jirage. A nan idon direba ne kawai hasumiyarsa.

Minti ɗayan

Bayan magariba kaɗan ne. Fitilun farfajiya sun kunnu, ƙura ta sa haskensu ya zama kamar hayaƙi. Baba ya janye tsani daga wani jirgi ƙirar Airbus A320 da ya gama lodi, zai kai shi wurin wani jirgin da ya riga ya tsaya, fasinjojinsa suna tsaye a ciki suna jiran a buɗe ƙofa. Tsakanin jiragen biyu akwai gurbi guda babu kowa, kuma nan ne aka ba wani Boeing 737 da ya sauko daga Legas.

Jirgin ya taho ta gaban Baba, ta hannunsa na dama, zai karya kwana ya gitta hanyar motoci ya shiga gurbinsa. Baba ya gan shi sarai. Ya taka birki ya tsaya inda ya dace. Wannan ba a bakinsa kawai na ji ba, yaran kaya biyu da ke kusa sun shaida.

A daidai lokacin ne wakilin kamfanin jirgin da ke jiran tsani ya tsaya a kaina yana nuna min agogo. Na ɗaga oba-oba na ce, "Baba, ina tsani? Mutane na jira!" Sau biyu na faɗa, na biyun da ƙarfi. Ya amsa, "Ga ni nan Oga, jirgi na ke jira ya wuce." Hancin jirgin ya riga ya gitta gabansa. Sai ya saki birki ya gangara kamar taku huɗu ko biyar, don ya kasance a shirye ya wuce ta bayan wutsiya da zarar ta ba shi hanya. Ya sake tsayawa. A tsaye yake cik lokacin da bakin fiffiken hagu ya zo ya daki ƙarafan riƙo da ke saman tsanin.

Ƙarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba, kamar an ja babbar ƙofar ƙarfe a kan siminti. Motar ta ɗaga ta gefe ɗaya, tayoyin dama suka bar ƙasa, ta yi kamar za ta kife, sannan ta dawo ta dira. Mai ba jirgin hannu ya gicciye sandunansa sama, matuƙin ya tsaya nan take ya kashe injina. Na isa wurin da gudu na tarar da Baba yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, jini na bin goshinsa, kafaɗarsa ta goce, yana ta maimaita salati. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Mutanen ciki fa?" Ba wanda ya ji ciwo a cikin jirgin. Wasu fasinjojin ma sai da suka ga motar kashe gobara ta iso suka san wani abu ya faru.

Me ya sa bai ga fiffiken ba

Wannan ita ce tambayar da manyanmu suka yi ta yi masa, kamar amsarta tana cikin halinsa. Amsar tana cikin surar jirgin da surar motar.

Boeing 737 irin wannan, mai lanƙwasasshen bakin fiffike, faɗinsa daga baki zuwa baki ya kusa mita 36. Wato idan hancinsa yana kan layi, akwai kusan mita 18 na ƙarfe a kowane gefe. Fikafikan kuma ba a miƙe suke ba, sun kwanta baya. Saboda haka idan jirgi ya karya kwana, fiffiken da ke waje yana zana baka wadda ta fi faɗin da ido ya ƙiyasta tun jirgin yana tafiya a miƙe. Direba yana kallon hanci, yana kallon jiki, ya ga sun wuce da tazara mai kyau, alhali abin da zai same shi yana can baya yana buɗowa. Ana koyar da wannan a aji, Baba da kansa ya sha faɗa wa yara. Sanin abu a aji daban, ƙiyasta shi da ido a cikin hazo bayan awa goma sha biyu daban.

Sai motar. Direban motar tsani yana zaune ne ƙarƙashin dandamalin da fasinja ke takawa ya shiga jirgi, dandamalin yana bisa kansa kamar rumfa. Yana ganin gaba da gefe, amma abin da ke sama da shi ba ya gani sai ya leƙo da kai. Bakin fiffiken yana tafe ne a sama, da 'yar jar fitila ɗaya, cikin farfajiyar da ke cike da jajayen fitilu. Fitilar gaban jirgin ta riga ta haske masa ido lokacin da hancin ya juyo. Da safe na je na duba gilashin gaban motar: ƙura ta kwanta, waifa ta share rabi ta bar rabi, tankin ruwan wanke gilashi a bushe.

Shekaru kafin wannan an yi irinsa a Toronto ta ƙasar Kanada. Daren 10 ga Mayu 2019 wani jirgin fasinja ƙirar Dash 8 ya juyo daga hanyar Sudbury saboda rashin kyawun yanayi, yana gangarawa wurin tsayawa cikin ruwan sama, tankar man jirgi ta dake shi. Masu bincike na can sun gano cewa dandamalin da ke jikin tankar da raɓar da ta rufe gilasai sun tare wa direban gani ta gefen da jirgin ya fito. Can ruwa da raɓa, nan hazo da ƙura. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce matsalar direban Najeriya ce.

Matuƙin fa? Kyaftin yana zaune a hagu, shi ke juya tayar gaba. Idonsa yana kan layin rawaya da kan mai ba shi hannu, bakin fiffike kuwa yana can bayan kafaɗarsa. Ya ga mota a tsaye a wajen layi lokacin da ya fara kwana, ya ɗauka a nan za ta zauna, kuma yana da hujjar ɗaukar haka. Domin irin wannan ne ake sa mutum ya raka fiffike, ya tsaya a gefensa da sanda mai haske, hannu a sama idan akwai tazara, ya gicciye idan babu. A takardar aikinmu mutum biyu aka rubuta, ɗaya kowane gefe. Ranar ko ɗaya babu. Na tura su sauke kaya a ɗaya jirgin, domin hannu bai isa ba.

Tsanin da ba a sauke ba

A nan ne nake so a tsaya a duba da kyau. Ƙa'ida ta ce kafin motar tsani ta motsa daga jirgi zuwa jirgi, a sauke tsanin har ƙasa. Ƙofar A320 ta fi ta 737 nisa daga ƙasa, ta haura mita 3, don haka tsanin Baba yana ɗage sosai lokacin da ya janye. Bai sauke shi duka ba. Washegari injiniyoyi suka auna, suka ce da a sauke yake, da fiffiken ya wuce ta samansa da 'yar tazara. Wannan awon shi aka riƙe aka yanke masa hukunci da shi.

Abin da ba a rubuta ba shi ne, babu direban da ke sauke tsanin motar nan har ƙasa idan aiki ya yi zafi. Saukarsa na cin mintuna, sake ɗaga shi ma haka. Kowa ya san haka. Ni na sani, na sha ganinta tana wucewa a ɗage ban ce uffan ba, domin idan jirgi ya yi latti ni ake kira ofis. An rubuta yoyon man a littafin gyara har ba a san adadi ba, amsar kullum ita ce a lallaɓa. Ƙa'idar tana nan a takarda, a aikace kuwa mun daɗe da yi mata jana'iza, mu duka, daga ofis har farfajiya. Ranar da ta ci mutum sai aka tono ta aka ce shi kaɗai ya karya.

Akwai abin da ya fi wannan ci mini rai. Bayan kwana biyu ina zaune da yaran a inda muke shan shayi, sai ɗayansu ya ce, "Oga, ai wannan kwanar ta kusa cin mutane tun ba yau ba." Na tambaye shi me yake nufi. Sai ga labari na fitowa. Wani ya ce a damina fiffike ya wuce saman motar abinci har direban ya sunkuya. Wani ya ce shi da kansa ya taɓa ja da baya da sauri a wurin, keken kaya ɗaya ya kife. Sau uku a ƙalla, a wuri ɗaya, cikin abin da bai kai shekara ba. Ko ɗaya bai iso teburina ba.

Na ce, "Don me ba ku faɗa ba?"

Babbansu ya dube ni ya ce, "Oga, wanda ya fasa fitilar tarakta bara, nawa aka cire masa a albashi?"

Ban da amsa. Tsarin kamfaninmu a lokacin shi ne, duk wanda ya kawo rahoton ɓarna ko kuskure, takardar neman ba'asi ce ke fara zuwa, sai yankan albashi. Mutumin da ke biyan haya a Lugbe ko Kuje, yana biyan kuɗin makarantar yara, ba zai kai kansa ba don abin da bai faru ba. Mun koya musu shiru da hannunmu, kuma sun koya.

Masu harkar jirage sun san inda wannan shirun ke kaiwa. Ranar 26 ga Disamba 2005 a Seattle ta Amurka, wani ma'aikacin kaya ya gogi jikin jirgin Alaska Airlines ƙirar MD-83 da motar lodin kaya, ya ga kamar ba komai, bai faɗa wa kowa ba. Jirgin ya tashi, ya kai wajen ƙafa dubu 26 a sama wurin ya yage, iskar cikin jirgin ta fice, abin shaƙar iska ya zubo wa fasinjoji. Allah ya kiyaye, matuƙan suka juyo suka sauka lafiya. Tun da na san wannan labarin, abin da nake tsoro a farfajiya ya tashi daga karon da kowa ya gani ya koma gugar da mutum ɗaya ya gani ya haɗiye.

Bincike da hukunci

An sanar da hukumomin da doka ta ce a sanar. A Najeriya NCAA ce ke sa ido kan kamfanoni da ƙa'idojin aiki, FAAN ke kula da filin, binciken haɗurra kuma yana hannun NSIB, wadda ta gaji tsohuwar hukumar binciken haɗurran jirage, AIB, a 2022. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, Rataye na 13 na yarjejeniyar Chicago ta 1944, ta faɗa ƙarara cewa manufar binciken haɗari ita ce hana sake faruwarsa, ba neman wanda za a ɗora wa laifi ba. Jami'an da suka zo sun yi aikinsu, sun ɗauki hotuna, sun auna, sun ji ta bakin kowa. Ƙorafina yana kan zaman da muka yi a cikin gida.

Kafin a kai Baba asibiti sai da aka yi masa gwajin barasa da ƙwaya. Ƙa'ida ce, ana yi wa duk wanda abu ya faru a hannunsa, kuma ina goyon bayanta. Amma na ga fuskarsa lokacin da aka miƙa masa bututun ya hura. Mutum ne da yara ke ba shi limanci idan liman bai zo ba. Ya hura, hannunsa na rawa, bai ce komai ba, hawaye ne kawai suka gangaro suka haɗu da jinin. Sakamako ya fito babu komai.

Zaman kwamitin bai kai awa ɗaya ba. Aka karanta ƙa'idar sauke tsani, aka karanta ƙa'idar tsayawa bayan layi, aka tambaye shi ko ya san su. Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe." Aka tambaye shi ko wani ya ce ya matsa gaba. Ya ɗan yi shiru, ya ce, "A'a, ni na matsa." Bai ambaci kirana ba. Ni na ɗaga hannu na faɗa: na kira shi sau biyu yana tsaye yana ba jirgi hanya, ni na janye masu rakiyar fiffike, ni na riƙe shi bayan lokacin tashinsa. Shugaban zaman ya ce an ji, amma sitiyari a hannun wa yake? Aka ba ni takardar gargaɗi, aka dakatar da Baba wata uku babu albashi, aka karɓe izininsa na tuƙi a farfajiya. Littafin gyara da motar da ke gareji ba su shiga rahoton ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa.

Jirgin ya yi kwanaki a ajiye kafin a kawo sabon bakin fiffike daga waje, injiniyoyi su duba ko bugun ya taɓa ƙashin fiffiken. Fasinjojin da zai kwasa zuwa Legas a daren sun kwana a Abuja. Kuɗin gyara da na kwanakin da bai yi aiki ba, tsakanin kamfanonin biyu da masu inshora aka ƙare shi, ba a nuna mana ba. Bututun da ke yoyo kuwa an canza shi cikin mako guda da faruwar abin.

Abin da ke hannuna na canza. Na hana kaina da duk mai riƙe da oba-oba a dutina kiran direba da "ina kake" ko "yi sauri". Idan direba ya ce yana jiran jirgi, amsar ita ce "tsaya har ya wuce", ko da wakilin kamfani zai fasa agogonsa a kaina. Jirgi ba ya shiga gurbi a dutina sai da mutum a kowane fiffike, in babu hannu ya jira a kan layi, kuma na sha faɗa da manya a kan wannan. Na sa jarkar ruwa da tsumma a kowace mota lokacin hunturu. Na kuma ajiye wani littafi a wurin shan shayi, na ce duk wanda ya ga abin da ya kusa faruwa ya rubuta, ba suna, kuma littafin ba zai hau sama ba sai na kwafe shi da rubutuna. Makonni uku babu wanda ya taɓa shi. A na huɗu na tarar da layi biyu da jan biro, a kan wannan kwanar dai. Da shi da waɗanda suka biyo baya na samu aka matsar da wurin tsayawar motocinmu baya da wasu mitoci. Yankan albashi kan wanda ya kawo rahoto da kansa ban iya kawar da shi ba har na bar kamfanin.

Na je Gwagwalada duba Baba sau biyu lokacin dakatarwar. A zuwa na biyu na ce masa ya yafe mini kiran da na yi. Ya ce, "Haba ɗana, kai ma matsa maka aka yi." Ya tambaye ni ko an gyara motar, na ce an gyara. Da wa'adin ya cika ya dawo, aka sa shi a ɗakin tantance kaya, inda ake jera akwatuna a kan bel. Kafaɗar ba ta koma daidai ba, don haka yaran ke ɗaga masu nauyi, shi yana duba lambobi. Bai sake neman izinin tuƙi ba.